Shekarar da Muka Zuba Azurfar Madam Nora

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Safo, na rubuta aurena, amma duk sanda na iso wannan shekara sai in rufe kaye, littafin da nake rubutu a ciki, in ce tawadar bik ɗin ta ƙare. Dukanku kun taso kun tarar da katanga a tsakiyar gidan kakanku a Madarunfa, kun kuma ji ana cewa uwarku Habsu ce ta gina ta da bakinta. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku. To ga yadda aka yi. Inda nake da laifi zan faɗa, inda ba ni da shi ma zan faɗa.

A lokacin gidan ɗaya ne, tukunya ɗaya. Kakanku Baba Ranau maƙerin fari ne, azurfa yake bugawa, kuma bai taɓa barin al'adar iyayensa ba. Ba ya salla, ba ya kuma hana kowa yi. Duk shekara kafin a hura wutar farko sai ya yanka jan zakara a bakin ƙofar maƙera. Idonsa ya fara dushewa tun kafin a kawo ni gidan, saboda haka babanku Illa ne ke riƙe da masaba, tsohon yana gefe yana jan zuga-zugi yana gyara masa aiki da kunne. Baffanku Sani, wan babanku, ya bar maƙera tun yana saurayi. Ya yi karen mota, ya yi direba, har Allah ya ba shi kamyo nasa, babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Ɗan Isa da Maraɗi. Ran Juma'a yake zuwa gida. Mutum ne mai salla, mai kyauta, kuma in bazara ta tsananta hatsinsa ne ke riƙe mu duka. Ni kuwa aikina zanen ƙwarya, wanda na koya wurin innata. In na gama daka sai in sa wuƙata a garwashi in zauna ƙarƙashin rumbu.

A wannan shekara na haifi Balki. Da ƙafa ta taho, ba da kai ba. Tun hantsi nake fama har la'asar, ungozomar unguwa ta wanke hannunta ta ce abin ya fi ƙarfinta, aka ɗora ni a amalanken jaki zuwa matarnite, asibitin haihuwa. A can na tarar da wata Baturiya doguwa mai jan gashi, Madam Nora, mutumiyar wata ƙasa da ake kira Ailan. Ita ta sa hannu ta juya yarinyar. Abin da nake tunawa shi ne gumi na ɗiga daga haɓarta, tana ta ce mini da gurguwar Hausarta, “Kada ki tafi, Habsu, kada ki tafi.” Ban tafi ba, Balki ma ba ta tafi ba.

Bayan na gama wankan jego, ran wata Talata da safe, sai ga Madam Nora a ƙofar maƙera da wani abu ƙunshe a hankici. Ina tsakar gida, zana ce kawai tsakanina da su, saboda haka na ji komai, na kuma leƙa. Abin wuya ne na azurfa, faɗinsa bai kai tafin jariri ba. Ya zame mata ne ƙofar mota ta matse shi, ya lanƙwashe ya tsage gida biyu. Babanku ya jujjuya shi ya ce ba ya ɗinkuwa, sai dai a narke a sake zubawa. A tsakiyarsa akwai wani ƙulli mai kusurwa uku, zare ɗaya ne yana hawa yana nutsewa cikin kansa, ga zobe an ratsa ta cikinsa. A sama kusa da maratayi akwai ƴan murɗe-murɗe uku kamar bayan katantanwa. Babanku ya ce ya yi kama da dagin da ake yi wa manyan riguna, sai dai wannan ya fi wuya.

Baba Ranau ya miƙa hannu aka sa masa. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa.

“Madam,” ya ce, “mi abin ga ke cewa? Mu nan ba mu buga alamar da ba mu san maganarta ba.”

Ta zauna a kan turmin da aka kife, ta yi ta lalubo kalmomi. Ta ce na uwarta ne, uwarta kuma ta gada wurin tata uwar. Zanen kuwa ya girmi su duka, na mutanen da ne na ƙasarsu, waɗanda ake ce wa Keltawa. Limaman cocinsu suna cewa kusurwa ukun nan Ubangiji ne yadda Kirista suka ɗauke shi. Wasu suna cewa a'a, tun kafin coci ta iso ana girmama uku a ƙasar, ƙasa ce da teku da sama. Wasu kuma sun ce budurwa ce da uwa da tsohuwa, wato mace ɗaya a rayuwarta. Murɗe-murɗen nan an same su sassaƙe a jikin manyan duwatsu, sun ma girmi Keltawan, wani ya ce rana ce, wani ya ce ruwa. Zoben, ana cewa tsari ne.

“Uwarki fa, mi ta ce?”

“Ta ce in bi zaren da yatsa, ba zan samu inda ya fara ba, ba zan samu inda ya ƙare ba. Ranar da zan taho ta rataya mini. Bara ta rasu, ina nan.”

“Allah shi jiƙan rai,” in ji Baba. “To cikin duk maganganun ga, wace ta gaskiya?”

“Ba wanda ya sani, Baba. Masu yin ba su rubuta ba. Sun mutu, zanen ya rage.”

Na zaci tsohon zai ƙi. Daga baya na gane abin da ya taɓa shi. Shi ma yana da alamomin da yake bugawa a jikin mundaye, na gidansu ne tun kakanni, kowace da maganarta, kuma cikin ƴaƴansa biyu ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi. Babanku ya iya buga su tsaf, amma a wurinsa ado ne kawai.

“Ta hwaɗi gaskiya, ba ta ƙara gishiri ba,” ya ce. “Illa, karɓi aikin.”

Yadda ake zubi shi ne a fara yin siffar abin da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Sau uku babanku yana murza kakin kamar taliya yana ƙoƙarin ƙulla shi, sau uku yana ɓata. In zaren ya hau inda ya kamata, sai ya sake hawa a gaba maimakon ya nutse. Hannunsa ya saba da bugu, bai saba da saƙa ba. Kwana biyar yana huci, ko fura ba ya shanyewa. Ni kuwa abin ya shiga raina. Na roƙe shi ya bar mini guntayen na yini ɗaya. Na tsaga kaba siriri na zauna ƙarƙashin rumbu, Balki a bayana, ina bin zanen: a hau, a nutse, a hau, a nutse, ba a taɓa yin iri ɗaya sau biyu a jere. Kafin azahar na ƙulla shi da kaba. Na zana shi a sakaina don kada in manta. Washegari na karɓi kakin na saƙa, har da zoben da murɗe-murɗen.

Kun san mace ba ta taɓa kayan maƙera a gidan nan, kaki ma kayan maƙera ne. Babanku ya kai wa tsohon siffar yana tsoro, ya faɗa masa wanda ya yi. Aka kira ni. Na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa. Tsohon ya shafa kakin a hankali, ya bi zaren har ya zagayo.

“Ɗiyata, a tsakar gida kika yi shi ko a maƙera?”

“A tsakar gida, Baba.”

“To tsakar gida taki ce. Hannunki ya yi kyau.”

Ran Juma'a baffanku Sani ya zo. Ya ga siffar a kan faifai a inuwa, ya tambaya. Babanku mutum ne da bai iya rage magana ba, sai ya kwashe duk abin da Madam Nora ta faɗa ya gaya masa, har da na limaman coci. Na ga fuskar Yaya Sani ta canza.

“Wato Allah uku kuke ƙerawa a gidan ga.”

“Yaya, ita kanta ta ce ba a san ma'anarshi ba.”

“Ita ba ta sani ba, limamansu sun sani. Ku maida mata guntayenta yadda ta kawo su.”

Ya juya wurin tsohon. Ya ce shekara nawa yana haƙuri da jinin zakara a bakin ƙofa bai ce komai ba. Ya ce a Ɗan Isa in ya shiga sahun gaba sai ya ji ana raɗa a bayansa, ga ɗan Anna marasa salla ya zo. Yanzu kuma a ce gidan ubansa ne ke yi wa Nasara abin bauta? Ya rantse in aka zuba azurfar nan zai raba tukunya. Ina so ku fahimci baffanku a nan. Ba mugunta ba ce. Ya sha wuya kafin mutane su daina kallonsa da sunan ubansa, kuma da gaske yake tsoron Allah, da gaske yake jin tsoron wuta ga ƙanensa. Baba Ranau ya ce shi idonsa ya tafi, aikin na Illa ne, Illa zai yanke.

Babanku ya je wurin limamin unguwarmu da sakainar da na zana. Liman ya duba ya ce shi bai ga gicciye ba, bai ga siffar mai rai ba, gyaran kayan amana kuma ba bauta ba ne, amma ya gargaɗe shi ya yi tunanin zumunci. Babanku ya dawo da rana tsaka ya same ni ina surfe. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

“Habsu, zan maida mata. Damanar bana ba ta yi ba, kin ga rumbu. In Yaya ya janye hannunshi, da mi za mu kai ga ruwa?”

Na ajiye taɓarya. Na ce matar nan ta sa hannunta cikin cikina ta fito maka da ɗiyarka da rai, ba ta tambaye mu addininmu ba. Abu ɗaya ta roƙa, abin uwarta da ta mutu ba ta gan ta ba. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da abin kunya. Amma raina ya ɓaci, sai na ƙara da ƙarfi:

“Ranar da nake mutuwa a kan amalanke, ina Yaya Sani yake da sahun gabansa? Hatsinsa ne zai saye mu mu ci amana?”

Matar Yaya Sani tana bayan zana tana shanya. Ba na ganin laifinta, ko ni ce zan gaya wa mijina. Kafin la'asar maganar ta isa kunnensa. Wannan ita ce maganar da aka ce na gina katanga da ita, kuma na faɗe ta, ban musa ba. Mutumin da ya ciyar da ni shekara bakwai bai cancanci haka daga bakina ba.

Babanku ya juya ya koma maƙera. Washegari da sassafe na ji yana kwaɓa yumɓu da kashin jaki. Kwana uku ƙwanson yana bushewa. Ranar zubi Baba Ranau ya ce shi zai ja zuga-zugi da kansa. Da aka auna guntayen sai babanku ya ce azurfar ba za ta cika gurbin ba, don wuta tana cin rabonta. Tsohon ya tashi ya lallaɓa ɗakinsa, ya fito da munduwar kakarku marigayiya, wadda ban taɓa ganin ya nuna wa kowa ba. Ya ce a datse bakinta a ƙara. Babanku ya ce, “Baba, ta Inna ce fa.” Ya ce ya sani, a datse. Ina leƙe ta zana lokacin da azurfar ta narke ta zama kamar ƙwayar ido, babanku ya kama kaskon da awartaki ya juye. Muka jira ya huce. Da ya fasa yumɓun, abin ya fito baƙi ƙirin da toka, amma ko'ina ya cika, kowane hawa da nutsewa yana wurinsa. Kwana biyu yana goge shi da zarto da ruwan tsamiya.

Kafin a kira mai shi, Baba ya sa aka buga wata alama a bayansa, layi mai lanƙwasa uku. Madam Nora ta zo ta karɓa. Ta sa yatsa tana bin zaren, ta zagayo, ta sake zagayowa, hawaye na sauka a kan rigarta ta aiki. Sannan ta juya bayan ta ga alamar.

“Wannan ba ya nan da,” ta ce.

“Tawa ce,” in ji Baba. “Gulbi ne. A gidanmu in ɗiya za ta yi aure a ƙetaren gulbi, ita muke buga mata a munduwa. Maganarta ita ce, ruwan da kika ƙetara kika tahi, ana ƙetara shi a dawo. Ki riƙe, ki gaya ma wanda za ki ba. Kada ita ma a wayi gari ana ta cece-kuce a kanta.”

Ya sa ta maimaita har sau uku, sai da ta faɗe shi daidai.

Yaya Sani ya cika rantsuwarsa. Cikin sati biyu magina suka zo, aka ja katanga daga bakin rijiya zuwa bayan maƙera. Yakan aiko wa tsohon tuwonsa a kwano ɗaya, na mutum ɗaya, amma buhun hatsi bai sake shigowa ɓangarenmu ba. Mutanen gari kuma suka rage kawo aiki, don magana ta bazu cewa Illa gumakan Nasara yake ƙerawa. Da rumbu ya kusa ƙarewa, babanku ya ɗaure masabarsa da awartaki a buhu ya tafi ci-rani Najeriya, abin da bai taɓa yi ba. Wata huɗu ya yi.

A watannin nan ni na riƙe Baba Ranau. Kunyar surukuta ta ragu tsakaninmu, don ba kowa sai mu da ku ƙanana. Kullum da hantsi yakan zauna a bakin maƙerar da ba wuta, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana alama ɗaya ya gaya mini maganarta. Ɗigo uku duwatsun murhu ne, na matar da ta samu tukunyar kanta. Da'ira mai ɗigo a ciki ta matar da ƴaƴanta ke mutuwa ce, don na gaba ya zauna. Layi biyu da suka haɗu a sama na tagwaye ne. Goma sha huɗu ya ba ni, ina ƙona kowace a bayan ƙwarya. Ya ce akwai wasu biyu da ubansa ya buga amma bai gaya masa ba, shi ma ado kawai ya sani. Na tambaye shi ko ya yi nadamar karɓar aikin. Ya ce abin da ya dame shi ɗaya ne, ƴaƴansa biyu kowane yana da gaskiya, shi kuwa ba shi da ƙarfin da zai zaunar da su.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka zazzaɓi ya kama shi. Madam Nora ta zo sau biyu da allura, bai yi ba. Ran na shida da walaha ya cika, kansa a kan cinyar Yaya Sani, wanda ya bar kamyonsa a Ɗan Isa ya zo ya zauna da shi kwana uku. Shi ya wanke ubansa da hannunsa, yana kuka kamar yaro. Saƙo bai sami babanku da wuri ba. Kwana tara da binnewa ya iso, ya ajiye buhunsa a zaure, ya tambaye ni inda kabarin yake, ya tafi shi kaɗai.

Har ya koma ga Allah babanku bai taɓa ce mini ke kika ja ba. Da ya faɗa sau ɗaya, da na ji sauƙi. Aiki ya dawo a hankali, mutane suka manta, amma bai sake yarda ya zuba wannan ƙulli ba, ko da wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ga sakainata ya nace a yi masa da yawa don baƙi. Madam Nora ta ƙara shekara biyu ta koma ƙasarsu. Ba ta san abin da ya faru ba, na hana kowa ya gaya mata. In kun tambaye ni yau, zan sake cewa a zuba azurfar. Maganar da na yi a kan baffanku ce kawai zan haɗiye.

Shi da babanku sun koma gaisawa a masallaci da wurin jana'iza. Ni kuwa shekara goma sha tara bai yi mini magana ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya ɗaga hannu ya wuce. Sau biyu na aika a ba shi haƙuri, ya ce ya ji. Bayan rasuwar babanku da ta matarsa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ƴaƴansa maza duk suna Najeriya. Ba wanda ya sa ni. Na fara dama kunu kowace safiya ina fita ta ƙofarmu, in zagaya ta titi in shiga tasu, in tallafo kansa in ba shi da ludayi. Yakan sha, idonsa na kallon bango. Muka yi wata biyu a haka, ba uffan.

Wata safiya ya sha ludayi uku sai ya rufe baki. Na zaci ƙwarewa ya yi. Ya juyo da idonsa ya dube ni sosai, bakinsa a karkace, ya yi ta kokawa da harshensa.

“Habsu.”

“Na'am, Yaya.”

“Tsamiya ta yi yawa.”

Kunun da ke cikin ludayin ya zuba a tabarma. Na goge da bakin zanena.

“Gobe zan rage, Yaya,” na ce.

Ya buɗe baki, na ci gaba da ba shi har ya shanye.